Daren da Na Ɗinka da Hannuna

Ƙarfe takwas na safe nake sauka daga aiki,
lokacin da Argungu ke wanke fuska.
Warin asibiti na biye da ni har zaure.
Kowa ya fito neman abinci,
ni kaɗai ke neman dare.

Ɗakina ba ya riƙe duhu.
Kwanon rufi ya huje wuri bakwai,
rana na ziro yatsu ta kowace kafa,
tana ɗaga mini fatar ido
kamar likita mai duba ƙarancin jini.

Akwai wani fim ɗin Indiya a wayata.
Gilashin ya tsage, amma ina gani.
Sau goma sha ɗaya na kalle shi.
Abokan aikina wurin rawa suke so,
da inda saurayi ke kuka cikin ruwan sama.
Ni minti guda nake jira:
yarinyar ta shiga jirgin ƙasa,
ta ciro ɗan ƙyalle shuɗi
mai gashin ido na zaren zinariya,
ta ɗaura a fuska, ta jingina da taga.
Garuruwa na wucewa.
Ba wanda ya taɓa kafaɗarta,
ba wanda ya ce, Sista, taso, faya ta fashe.

Ran Laraba na je shagon Manu tela,
na durƙusa ina tsince-tsince a gindin keke:
guntun shadda mai ruwan bula,
da baƙin yadi na yin shafi.
Ya ce, me za a yi da abin da bai kai tafin hannu ba?
Na ce, dare zan ɗinka.
Ya yi dariya har allura ta faɗo daga bakinsa.

Na aza tsohon tabarau a kan ƙyallen,
na zagaye shi da guntun sabulu,
na bar wa hanci ƙofa.
Auduga, na sato ta cikin matashi.
Roba, daga wandon makarantar Gado
wanda ya yi masa kaɗan tun bara.

Hannun nan ya ɗinke mata ba adadi,
wani sa'in da tocila a baki, an ɗauke wuta,
bai taɓa rawa ba.
Yau ga ƙyalle ya gagare shi.
Sau uku na soki yatsa, sau biyu na warware.
Ashe fata ce mai haƙuri,
ka kai ta rabin hanya, ta ƙarasa da kanta.
Shadda ba ta warkewa.
Inda ka karkace, nan za ta zauna tana kallonka.

Zaren zinariya dai babu.
Na samu rawaya, ragowar ɗinkin hula,
na jera gashin ido ɗaya bayan ɗaya,
na hagu bakwai, na dama tara,
don barci ya fara fizgata wajen lissafi.
Ɗiyata Tumba ta leƙo ta ce,
Inna, wagga ai ƙayar kihi ta.
Na duba. Ba ta yi ƙarya ba.
Na ce, to, a Argungu muke.

Na kwanta, na ɗaura.
Ƙofofin rana bakwai suka rufe lokaci guda.

Sai injin markaɗen Ige ya tashi a bayan katanga.
Na manta ƙyalle ba ya toshe kunne.
Na yi tsaki, na juya,
injin na ta ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram,
har ya daidaita, ya hau kan dogo,
gadon ya ɗan girgiza, muka bar tasha.
Ni da ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba,
ga ni ina wuce fadama, shinkafa na kaɗa kai,
ba mai naƙuda ko ɗaya a cikin taragon.

Can nesa na ji sallama,
muryar mace: Sista na ciki?
Na riƙe numfashi.
Na ji takun Tumba, ƙafa ba takalmi,
na ji ta tsaya a bakin ƙofa, ta rage murya:
Ta tahi. Tana cikin jirgi.
Ku dawo bayan la'asar.